Wuƙa da nama a hannun mutum ɗaya: maganar Tom Brady da kwamishinan NFL

Abban Yusra: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni baƙo ne a kallon ƙwallon Amurka, bara na fara bin wasannin NFL, babbar gasarsu, saboda ƙanena da ke zaune can. Daren jiya na ji mai sharhi ya ce an taɓa dakatar da Tom Brady, mai jifan ƙwallo na ƙungiyar New England Patriots a lokacin, wasa huɗu a kan an sace wa ƙwallo iska. Abin ya ɗaure mini kai. A tamaular da muka sani ƙwallo ɗaya kowa ke bugawa, in ta yi laushi kowa ta yi wa. To ina cutar take? Kuma wa ya yanke hukuncin, kotu ko hukumar wasan? Masu sani a taimaka.

Ɗan Boston: Wa alaikumus salam. Ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, Abban Yusra, don ina jihar Massachusetts aka yi abin nan, kuma har yau bai bar cin raina ba. A wasansu kowace ƙungiya da nata ƙwallayen take kai hari, guda 12. Mai jifan ƙungiya shi ke zaɓensu, a goge su, a murje su yadda hannunsa ke so. Kafin wasa sai a kai wa alƙali ya auna da geji, irin awon da mai faci ke yi wa taya. Doka ta ce kada iska ta gaza fam 12.5, kada ta wuce 13.5. Ƙwallo mai ɗan laushi ta fi daɗin riƙo, musamman in ana ruwa, nan zargin ya samo asali.

Ranar 18 ga Janairu 2015 New England Patriots suka karɓi Indianapolis Colts a Foxborough, wasan da wanda ya ci zai je Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi. 'Yan Colts suka yi ƙorafi, da aka tafi hutun rabin lokaci aka auna ƙwallayen Patriots 11, aka tarar sun gaza ƙa'ida, aka ƙara musu iska. A lokacin ana 17 da 7. Da aka dawo da ƙwallaye masu cikakkiyar iska Patriots suka ƙara maki 28, Colts ko ɗaya. Aka tashi 45 da 7. Ka ji laifin da aka shafe shekara ɗaya da rabi ana shari'a a kansa.

Ɗan Damagaram: Yayana na Boston, ka faɗi rabin labari ka bar rabi. Ɓarawo ba ya zama mai gaskiya don abin da ya sata bai amfane shi ba. Rahoton Ted Wells, lauyan da NFL ta ɗauko ya yi bincike, mai shafi 243, wanda ya fito 6 ga Mayu 2015, ya nuna ma'aikacin Patriots da ke kula da ɗakin alƙalai ya ɗauki jakar ƙwallayen ba da izini ba, ya shiga banɗaki da ita, ya kulle ƙofa, ya yi minti ɗaya da daƙiƙa 40. Kyamara ta ɗauke shi yana shiga yana fita. Mutumin nan tun watan Mayun 2014 ya kira kansa mai sace iska a saƙon da ya tura wa abokin aikinsa mai kula da kayan wasa. Suna maganar allura, suna maganar takalma da kayan da Brady zai sa wa hannu. Da aka matsa, kulob ɗin ya ce wai rage ƙiba yake nufi. Wallahi ko yaro ba zai karɓi wannan ba. Sannan Brady ya fi wata shida bai yi waya da mai kula da kayan ba, amma washegarin wasan suka dinga kiran juna. Ruwa ba ya tsami banza.

Malamin Kimiyya: Ku ba ni dama in sa baki, don wannan darasin aji huɗu ne na sakandare. Iskar da ke rufe a cikin abu, in ta yi sanyi ƙarfinta raguwa yake yi ko ba wanda ya taɓa ta. An auna ƙwallayen a ɗaki mai ɗumin kusan digiri 22, aka fita da su fili mai sanyin digiri 9, ga ruwan sama. In ka haɗa nauyin iskar sarari, fam 14.7, da 12.5 ɗin, ka yi lissafin sauyin zafi, ka cire 14.7 ɗin, za ka ga ƙwallon ta koma wajen 11.3. Su kansu masanan da Wells ya ɗauko sun ce abin da ya kamata a gani tsakanin 11.32 ne da 11.52.

To ga inda gizo ke saƙar. Geji biyu aka yi aiki da su a hutun, kuma ba su jitu ba. Ɗaya ya ba da matsakaicin 11.11, ɗaya ya ba da 11.49. Alƙalin wasan, Walt Anderson, ya ce a iya tunawarsa da mai ba da adadi babba ya auna kafin wasa. In haka ne, 11.49 yana cikin abin da sanyi kaɗai zai iya yi. Amma rahoton ya ce a'a, wancan gejin ya yi amfani da shi. An yarda da tunaninsa a kan adadin da ya gani, an ƙi yarda da tunaninsa a kan gejin da ya riƙe.

Ɗan Boston: Allah Ya saka da alheri, Malam. Duk wanda ke tuƙi a nan ya san wannan. Safiyar farko da sanyi ya sauka a watan Nuwamba, kana tayar da mota ƙaramar fitilar taya za ta kama a gabanka, rawaya, alhali ba ƙusa ba komai. Ka yi tafiyar minti ashirin taya ta ɗumama, sai ta mutu da kanta. Jami'an NFL da suka taru a ɗakin nan ba su san da haka ba. Shi kansa Troy Vincent, babban jami'in NFL wanda ya sa hannu a takardar hukuncin, ya amsa a zaman ɗaukaka ƙara cewa bai san wannan ƙa'ida ta iska ba kafin lamarin.

Baba Mai Usur: 'Ya'yana, na yi shekaru ina hura usur a wasannin matasa kafin gwiwa ta ajiye ni. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne alƙalin bai rubuta awon farko ba. Ko a takardar aljihu. Yaya za ka ce abu ya ragu alhali ba ka da rubutaccen adadin da ya fara da shi? Mu a ƙaramin wasa ma lambar rigar wanda ka ba kati sai ka rubuta nan take, don in an je gaban kwamiti takarda ce ke magana. Kuma na Colts guda huɗu kacal aka auna, aka ce lokaci ya ƙure. Ni dai ban wanke yaron nan Brady ba, shiga banɗakin nan ya tsaya mini a rai. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abban Yusra: Na gode ƙwarai. To amma tambayata ta biyu fa? Wa ya yanke?

Barista Maman Aiman: Nan ne ainihin maganar take, Abban Yusra, ba a cikin ƙwallo ba. Ranar 11 ga Mayu 2015 hukumar ta dakatar da Brady wasa huɗu, ta ci kulob tarar dala miliyan ɗaya, ta ƙwace musu gurbin zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016 da na zagaye na huɗu na 2017. Rahoton bai ce an kama Brady ba. Cewa ya yi zato mafi rinjaye shi ne yana da masaniya a dunƙule. Brady ya ɗaukaka ƙara. Wa zai saurara? Roger Goodell, kwamishinan da ofishinsa ya yanke hukuncin. Ƙungiyar 'yan wasa ta nemi ya janye ya ba wani, ya ƙi. Sashe na 46 na yarjejeniyar ƙwadago ta 2011 tsakanin hukumar da 'yan wasa ya ba shi ikon hukunta duk abin da yake ganin zai zubar da mutuncin wasan, ya kuma ba shi ikon zama alƙalin ɗaukaka ƙarar da kansa.

Ku dubi yadda zaman 23 ga Yuni ya kasance. An ce binciken Wells mai zaman kansa ne, amma babban lauyan NFL, Jeff Pash, ya duba rahoton ya yi gyare-gyare kafin ya fito, kuma Goodell ya hana a yi masa tambayoyi. Wani lauya daga ofishin da Wells ke aiki shi ya yi wa Brady tambayoyin ƙure a madadin hukumar. Mai bincike, mai ƙara, mai hukunci, duk gida ɗaya. Ranar 28 ga Yuli Goodell ya tabbatar da hukuncinsa.

Ɗan Damagaram: Barista, da girmamawa, kin tsallake waya. Brady ya sa an lalata wayarsa a daidai ranakun da zai gana da masu bincike a farkon Maris, wayar da ke ɗauke da saƙonni kusan 10,000. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Barista Maman Aiman: Ban tsallake ba, ƙanena, ina zuwa gare ta. Da ni ce lauyarsa da ban bari ya yi haka ba, kuma alƙalan kotun ɗaukaka ƙara ma sun ɗauki abin da nauyi. Amma ka auna da na baya. A 2010 an samu ɗan wasa Brett Favre da ƙin ba masu bincike haɗin kai, tarar dala 50,000 aka ci shi, ba a hana shi wasa ko ɗaya ba. A Nuwamban 2014, wasan Minnesota da Carolina, kyamara ta nuna ana gasa ƙwallaye a jikin na'urar ɗumama a bakin fili, abin da doka ta hana. Gargaɗi kawai aka yi. Shi kuwa Goodell sai ya kwatanta laifin Brady da shan ƙwayar ƙara kuzari, ya ce tun da wancan wasa huɗu ne, wannan ma huɗu.

Mai shari'a Richard Berman na kotun tarayya a New York ya soke hukuncin ranar 3 ga Satumba 2015, ya ce ba a taɓa sanar da ɗan wasa cewa irin wannan zai jawo dakatarwa ba, kuma an tauye masa haƙƙin kare kansa. Ranar 25 ga Afrilu 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da hukuncin, alƙalai biyu da ɗaya. Ku lura da kyau, kotun ba ta ce Brady ya sace iska ba. Cewa ta yi ba hurumin kotu ba ne ta sake auna hujja a rikicin ƙwadago, aikinta ta duba ko mai sasanci ya tsaya a cikin ikon da yarjejeniya ta ba shi, kuma 'yan wasa da hannunsu suka ba shi wannan iko. Alƙalin da ya saɓa, Robert Katzmann, ya kawo misalin shafa danƙo a hannu don riƙe ƙwallo, wanda tararsa ta farko dala 8,268 ce, ya ce wannan ya fi kama da laifin da ake zargi.

Baba Mai Usur: To ai kun ji. Su suka sa hannu. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Antin Baltimore: Baba, ka yi haƙuri in kawo wani ɓangare, don ni ba iskar ƙwallo ce ta dame ni ba. A garin nan nake aikin jinya. A watan Fabrairun 2014 Ray Rice, ɗan wasan Ravens, ya naushi matar da zai aura a cikin lif a Atlantic City har ta suma. Duniya ta ga hoton bidiyon da yake janyo ta daga ciki kamar buhu. Goodell ya dakatar da shi wasa biyu. Biyu! Na sha ganin mata an kawo su cikin dare fuska a kumbure suna cewa faɗuwa suka yi a matakala, ranar da aka sanar da hukuncin nan na kasa cin abinci. Sai 8 ga Satumba da kafar labarai ta TMZ suka saki bidiyon cikin lif ɗin, jama'a suka yi ca, nan take aka mayar da shi dakatarwar sai abin da hali ya yi. Tsohuwar mai shari'a Barbara Jones ta soke wannan na biyun a ƙarshen Nuwamba, ta ce Rice bai ɓoye wa kwamishina abin da ya yi ba tun farko, don haka ba a hukunta mutum sau biyu a kan laifi ɗaya. Bayan 'yan watanni aka ba Brady huɗu. Ni abin da na gani shi ne hukunci yana bin ƙarfin ihun jama'a ne, ba girman laifi ba.

Ɗan Damagaram: Anti, a kan Rice ba ni da ja ko kaɗan. Amma Patriots ba sababbi ba ne a gaban hukuma. Ranar 9 ga Satumba 2007 an kama ma'aikacinsu yana ɗaukar bidiyon alamun hannu na masu horar da New York Jets daga inda aka hana. An ci kocinsu Bill Belichick tarar dala 500,000, kulob 250,000, aka ƙwace gurbin zagayen farko na 2008. Takardar hukuncin 2015 ta ambaci wannan tarihi a fili. A 2019 ma an sake kama masu ɗaukar hotonsu suna naɗar ɓangaren 'yan Cincinnati a bakin fili, aka ci su dala miliyan 1.1. Wanda ya maimaita laifi dole bulalarsa ta fi.

Ɗan Boston: Madalla da ka kawo 2007. Me ya faru da kaset-kaset ɗin da Patriots suka miƙa? Goodell ya sa aka farfasa su cikin 'yan kwanaki, kafin wani daga waje ya gani, har sai da Sanata Arlen Specter ya tsaya yana neman bayani. Mutumin da ya lalata hujja da umarninsa shi ne ya zo yana hukunta wani a kan lalata waya. Kuma in kulob ya yi laifi a 2007, a hukunta kulob. Brady ba a taɓa kama shi da komai ba kafin nan. Masu sauran kulob-kulob sun daɗe suna ganin an yi wa Robert Kraft, mai kulob ɗin Patriots, sassauci a wancan karon, sai aka biya su bashi da wannan.

Malamin Kimiyya: Ƙari ɗaya. A kakar 2015 hukumar ta shiga auna ƙwallaye a hutun rabin lokaci a wasu wasanni, har da na lokacin sanyi. Alƙaluman nan da sun raba gardama. Ba ta fitar da su ba.

Abban Yusra: To shi kwamishinan wa ke sama da shi? Ba gwamnati?

Barista Maman Aiman: Babu gwamnati a ciki. Masu kulob 32 su suka zaɓe shi a 2006, su ke biyansa albashi, su ke iya cire shi. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa ka san sauran. Ikon ya daɗe, tun 1963 kwamishinan lokacin, Pete Rozelle, ya dakatar da 'yan wasa Paul Hornung da Alex Karras kaka guda a kan caca, kuma a irin wannan ina ganin amfanin hannu mai ƙarfi, don in 'yan kallo suka daina yarda da sakamako wasan ya mutu. Matsalar ita ce rashin wanda zai duba aikinsa. Lokacin da Goodell ya janye, a badaƙalar New Orleans Saints ta 2012, inda aka zarge su da tara kuɗi ana ba duk wanda ya ji wa abokin hamayya rauni, ya miƙa ƙarar ga wanda ya gada, Paul Tagliabue. An riga an dakatar da koci Sean Payton shekara guda, da ɗan wasa Jonathan Vilma shekara guda, da wasu 'yan wasa uku. Tagliabue ya yarda an yi abin, amma a watan Disamba ya soke hukuncin 'yan wasan gaba ɗaya, ya ɗora nauyin a kan masu horarwa da shugabannin kulob. Mutumin gida ne fa, ba baƙo ba, amma da ido na biyu ya duba sai sakamako ya sauya.

Baba, game da sa hannu, gaskiyarka. A 2011 masu kulob sun rufe wa 'yan wasa ƙofar aiki sama da wata huɗu, suka fi mayar da hankali kan rabon kuɗi da rage atisaye mai karo, suka bar sashe na 46 yadda yake. Yawancin 'yan wasa shekaru kaɗan suke yi a fili, kowa na ganin shi ba zai shiga hannu ba. A yarjejeniyar 2020, wadda ta wuce da ƙuri'a 1,019 da 959, an ɗan gyara: jami'in da ɓangarorin biyu suka amince da shi ke fara yanke hukunci a laifin ɗabi'a. Amma ɗaukaka ƙara har yanzu wajen kwamishina take ƙarewa, ko wanda ya naɗa.

Antin Baltimore: Kuma mun ga gwajin farko. Ɗan wasa Deshaun Watson, mata sama da ashirin suka kai shi ƙara kan cin zarafi. Tsohuwar mai shari'a Sue Robinson ta ba shi wasa shida a Agustan 2022, ta ce da abin da hukumar ta saba yi a baya ta auna. Hukumar ta ɗaukaka ƙara, aka daidaita a kan wasa 11 da tarar dala miliyan 5. A wannan karon ni kaina na so kwamishina ya sa hannu, shida ta yi mini kaɗan ƙwarai. Shi ya sa nake cikin ruɗu, Barista. Ina ƙin ikon, amma ranar nan shi nake jira.

Barista Maman Aiman: Na fahimce ki, Anti, ni ma haka na ji. Amma me ya sa Robinson ta tsaya a shida? Don hukumar ba ta rubuta hukunci mai tsauri tun kafin laifi ba. A zauna da ƙungiyar 'yan wasa, a rubuta laifi kaza hukunci kaza, a sanar da kowa, a ba wanda ba ya cin albashin masu kulob ya saurari ɗaukaka ƙara. Da an yi haka da ba sai mun jira ran mutum ɗaya ya ɓaci ba.

Ɗan Damagaram: Adalci dai, masu kulob ma ana taɓa su. Jim Irsay na Colts an dakatar da shi wasa shida da tarar dala 500,000 a 2014 kan tuƙi cikin maye. Stephen Ross na Miami an ci shi miliyan 1.5 a 2022 aka ƙwace musu gurbin zagayen farko, kuma kun san a kan me? Zawarcin Brady ta bayan fage yana da kwantiragi da wasu.

Ɗan Boston: Miliyan ɗaya da rabi a wajen Ross kuɗin cefane ne. Ɗan wasa Calvin Ridley a 2022 ɗin aka hana shi kaka guda cur a kan cacar da ya ce dala 1,500 ce, ya rasa albashin shekara. Dan Snyder kuwa sai ranar da aka amince da cinikin kulob ɗinsa na Washington a kan sama da dala biliyan 6 aka ci shi miliyan 60. Ni waɗanda ma nake tunawa su ne ma'aikatan nan biyu masu ƙaramin albashi. Su aka fara dakatarwa, sunayensu suka zaga duniya, ba su da ƙungiyar da za ta ɗaukar musu lauyoyi. Brady ya yi zaman wasa huɗunsa a farkon kakar 2016, Patriots suka ci uku ba shi, ya dawo ya kai su Super Bowl, ana cin su 28 da 3 suka farke suka doke Atlanta 34 da 28. Ina kallo a falon wani abokina Goodell ya hau dandamali zai miƙa kofi, ihun da ake masa bai bari mun ji abin da yake faɗa ba.

Abban Yusra: Ɗan Boston, tsakani da Allah, a zuciyarka ya yi ko bai yi ba?

Ɗan Boston: Tsakani da Allah, ina ganin ya sha gaya musu yana son ƙwallo a 12.5, ƙasan ƙa'ida amma cikin halal, kuma sun san ransa na ɓaci in ta yi tauri. Abin da aka yi a banɗakin nan ba ni da amsarsa. Amma da hujjar da aka kawo ba zan yarda a hana ɗana aikin wata guda ba.

Malamin Kimiyya: Ɗan Damagaram, gobe zan ari geji wajen mai facin bakin layinmu, in hura ƙwallon yara, in rubuta awon, in sa ta a firji awa biyu in sake aunawa. Zan turo hoton gejin kafin da bayan.

Ɗan Damagaram: Turo, Malam, zan duba da zuciya ɗaya. Ka kuma sami allura ka gwada mana ko mutum ɗaya zai iya taɓa ƙwallo goma sha biyu a minti ɗaya da daƙiƙa arba'in, don masanan Wells sun ce sun gwada kuma ya yiwu.